Ire-iren Shawarwarin da Hukuma Ke Yankewa da Abin da Doka Ta Ce a Kansu

Gabatarwa

Wannan darasi na dukan ɗalibai ne, amma ya fi shafar 'yan aji shida waɗanda ba da jimawa ba za su yi sallama da makaranta. Duk inda kuka nufa, za ku tarar da hukuma tana jiranku. Ita za ta ba ku gurbi a jami'a ko ta hana ku. Ita za ta ba ku lasin tuƙi, da fasfo, da takardar fili. Waɗansunku kuma, bayan 'yan shekaru, su ne za su zauna a kujerun ofis suna sa hannu a takardun da za su faranta wa wani rai, su sa wani kuka. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda doka ta rarraba shawarwarin da hukuma ke yankewa, gama kowane iri da nasa sharuɗɗa, kuma wanda bai san irin takardar da ke hannunsa ba, ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Bari mu ƙaddara wani mako guda a wani gari. Ran Litinin an manna sanarwa a bakin kasuwa cewa daga yau ba wanda zai yanka dabbar sayarwa sai a mayanka. Ran Talata an faɗa a rediyo cewa gwamnati za ta mayar da tashar mota bayan gari. Ran Laraba wani magidanci ya je ya karɓo takardar haihuwar jaririyarsa. Ran Alhamis wata mata ta sami amsar takardar da ta rubuta tana neman izinin kafa shago, an ce ba za a ba ta ba. Ran Jumma'a wani ɗalibin jami'ar gwamnati ya karɓi wasiƙar kora. Duk cikin makon nan kuwa akwai wani dattijo da ke zuwa ofis kowace safiya yana neman a duba takardun fanshonsa, ba a ce masa i ba, ba a ce masa a'a ba.

A idon mai wucewa dukansu aikin hukuma ne. A idon doka kuwa iri shida ne daban-daban. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara da tushe.

Daga ina hukuma ke samun iko?

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya raba iko gida uku. Sashe na 4 ya ba majalisa ikon yin doka, sashe na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, sashe na 6 ya ba kotuna ikon shari'a. Amma shugaban ƙasa ba zai iya zama ya rubuta wa kowane jariri takardar haihuwa ba, majalisa kuma ba za ta zauna a kan batun kowace mayanka ba. Don haka dokoki sukan miƙa wani yanki na iko ga ministoci, da kwamishinoni, da hukumomi irin su hukumar kiyaye haɗurra, da jami'o'in gwamnati, da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Fannin shari'a da ke lura da yadda waɗannan suke amfani da ikon da aka ba su shi ake kira dokar gudanar da mulki. Kamfani ko makaranta mai zaman kanta ba sa cikin wannan lissafi kai tsaye, domin su yarjejeniya ce ta fi ɗaure su da mutanensu.

Tushen fannin nan ɗaya ne: ma'aikacin hukuma ba shi da ikon kansa. Aro aka ba shi, kuma dokar da ta ara masa ita ce ta shata masa iyaka. In ya tsallake iyakar, abin da ya yi banza ne, kome girman kujerarsa.

Tarihinmu yana da misali mai kyau. A watan Janairu na 1980, Ministan Harkokin Cikin Gida ya sa hannu a takardar korar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka ɗauke shi aka tsallakar da shi zuwa Chadi a kan wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Gaskiya ne dokar shige da fice ta lokacin ta ba minista ikon korar baƙo. Amma Babbar Kotu a Maiduguri ta saurari shaidu ta gamsu cewa Shugaba ɗan ƙasa ne, Tsarin Mulki na 1979 kuwa ya hana a kori ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Sai ta soke umarnin, ta kuma ce a biya shi diyya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da sokewar. Ikon da aka ba minista a kan baƙi ne, shi kuwa ya ɗora shi a kan ɗan gida. Wannan kariya tana nan har yau a sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999.

Iri na ɗaya: kafa ƙa'ida

Sanarwar ran Litinin ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta shafi duk mai yanka dabbar sayarwa, na yau da na gobe. Wannan ita ce alamar ƙa'ida: tana kan kowa, tana duban gaba, kuma wanda ya karya ta yana iya fuskantar tara ko ɗauri. Ƙaramar doka ce wadda babbar doka ta haifa.

Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki akwai kula da kasuwanni, da mayanka, da tashoshin mota, da ba da lasin keke, da baro, da amalanke, da kwalekwale, da sa wa tituna suna, da lura da shaguna da gidajen burodi. Ƙa'idojin da ƙaramar hukuma ke kafawa a kan waɗannan abubuwa suna cikin wannan iri. A matakin tarayya kuma, Ƙa'idojin Zirga-zirgar Hanya na 2012 an yi su ne a ƙarƙashin dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007. Haka nan a ƙarshen watan Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a ƙa'idojin da suka hana fita a Legas da Ogun da Abuja, ya kuwa jingina su ne da Dokar Killace Masu Cuta ta 1926, dokar da aka yi tun zamanin Turawa.

Idan hukuma za ta kafa ƙa'ida, ba dole ba ne ta kira kowane mahauci ta saurare shi, sai fa in dokar da ta ba ta iko ta ce a yi haka. Abin da ake bukata shi ne, ƙa'idar ta tsaya cikin iyakar uwar doka, kada ta saɓa wa Tsarin Mulki, a bi hanyar da aka shimfiɗa wajen yin ta, a kuma bayyana ta yadda jama'a za su sani. Ƙa'idar da ke kulle a aljihun tebur ba ta cancanci a hukunta kowa da ita ba.

Iri na biyu: shawarar manufa

Mayar da tasha bayan gari shawarar manufa ce. Hukuma ta auna cunkoso, da kuɗi, da amfanin gari, ta zaɓi hanya ɗaya ta bar wata. Inda za a gina asibiti, ko hanyar da za a fara yi wa kwalta, duk irin wannan ne. A nan kotu takan ja baya, domin alƙali ba shi aka zaɓa ya yi mulki ba. Wanda bai ji daɗin manufa ba, maganinsa yana wurin wakilinsa a majalisa, da jarida, da akwatin zaɓe.

Amma fa manufa ma ba ta fi ƙarfin doka ba. Yawancinku kun tuna wahalar canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, ya ce tsofaffin za su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba, mutane suka yi ta kwana a layin banki. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, waɗansu jihohi suka bi bayansu. Ran 3 ga Maris 2023 kotu ta yanke hukunci. Ba ta ce canjin kuɗi haramun ne ba. Abin da ta duba shi ne sashe na 20 na dokar Babban Banki ta 2007, wanda ya yarda a janye takardun kuɗi bayan an ba da sanarwa mai isasshen lokaci. Kotu ta ga ba a cika wannan sharaɗi ba, ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har 31 ga Disamba 2023. A watan Nuwamba na shekarar ta ɗage wa'adin ba tare da sa wata rana ba. Darasin shi ne, zaɓen manufa na gwamnati ne, amma hanyar aiwatar da ita ta doka ce.

Iri na uku: aikin dole

Magidancin ran Laraba bai je neman alfarma ba. An haifi yarinya, ya kawo bayanin da ake bukata, sai mai rajista ya rubuta. Doka ba ta bar wa mai rajista zaɓi ba. Ba zai ce iyalin nan sun cika haihuwa ba, ko ya ce uban ba ɗan jam'iyyarsa ba ne. Duk inda doka ta ce ma'aikaci lalle ya yi abu kaza idan an cika sharaɗi kaza, to aikin dole ne. Biyan albashin wanda ya yi aiki, da bin umarnin kotu, suna cikin wannan iri.

Sanin wannan iri yana da amfani ƙwarai, domin a nan ne aka fi cutar talaka. Ana mayar masa da haƙƙinsa kamar kyauta, har ya ga ya kamata ya ba da goro. In ma'aikaci ya ƙi yin aikin dole, kotu tana da umarnin tilastawa. A 1981 Kotun Ƙoli ta ba da irin wannan umarni a shari'ar Shitta-Bey, wani babban lauyan Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya. Wata kotu ta riga ta ce ritayar da aka yi masa ba ta halatta ba, amma hukumar ma'aikatan tarayya ta ƙi mayar da shi bakin aiki. Kotun Ƙoli ta ce mayar da shi wajibi ne, ta umarci hukumar ta yi.

Iri na huɗu: shawarar ganin dama

Matar ran Alhamis tana cikin wani hali daban. Doka ta ce hukuma tana iya ba da izinin kafa shago, ba ta ce lalle ta bayar ba. An bar wa jami'i ya duba wurin, ya ga ko shagon zai toshe hanya ko magudanar ruwa, sa'an nan ya yanke. Wannan ita ce shawarar ganin dama, ita ce kuma mafi yawa a aikin ofis: lasin, izinin gini, rabon rumfunan kasuwa, takardar mallakar fili.

Sunan yana iya ruɗin mutum. Ganin dama a nan ba ya nufin jami'i ya bi son zuciyarsa. Kotuna sun ɗaure shi da igiyoyi huɗu. Na farko, ya yi amfani da ikon don manufar da aka ba shi saboda ita. Na biyu, ya duba abin da ya shafi maganar, ya kawar da kai daga abin da bai shafe ta ba, kamar ƙabilar mai nema ko addininsa, wanda sashe na 42 na Tsarin Mulki ma ya hana. Na uku, shi da doka ta ambata shi zai yanke, kada ya bar wani babba a gefe ya yanke masa. Na huɗu, kada shawarar ta fita daga hankali.

Wannan igiya ta huɗu daga Ingila muka gaje ta. A 1947 hukumar garin Wednesbury ta yarda wani gidan silima ya riƙa buɗewa ran Lahadi, da sharaɗin kada a shigar da yaron da bai kai shekara 15 ba. Masu silima suka kai ƙara. Kotu ta ƙi sa baki, ta ce ba za ta soke shawara don kawai alƙali yana da wani ra'ayi ba, sai in shawarar ta kai matsayin da babu wata hukuma mai hankali da za ta yanke irinta. Kun ga ke nan kotu ba ta karɓe wa jami'i aikinsa, iyaka kawai take tsare masa.

A cikin wannan iri ya kamata a bambanta shawarar da ke bayarwa da wadda ke ƙwacewa, gama doka ta fi tsananta wa ta biyun. Mu ɗauki fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ke ba da haƙƙin zama a filayen birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum saboda muhimmiyar bukatar jama'a, kamar hanya ko makaranta. Amma sai jami'in da gwamna ya wakilta ya sa hannu, sai kuma an miƙa wa mai filin sanarwa. Sashe na 29 ya tanadi diyya a kan abin da mutum ya kafa a filin, wato gini da amfanin gona da makamantansu. A 1991, a shari'ar Osho, Kotun Ƙoli ta nanata cewa sokewar da ba a sanar da mai fili yadda doka ta tsara ba, ba ta da ƙarfi. Tun kafin dokar 1978 ma, a shari'ar Ereku ta 1974, kotun ta soke karɓar wani fili a yankin Warri wanda gwamnati ta karɓa da sunan amfanin jama'a, sa'an nan ta ba wani kamfani haya. Amfanin kamfani ɗaya, in ji kotu, bai zama amfanin jama'a ba a ma'anar dokar.

Iri na biyar: shawara mai kama da shari'a

Wasiƙar ran Jumma'a ta bambanta da sauran. An zargi mutum ɗaya da laifi, an bincika, an same shi da laifin, an hukunta shi. Wanda ya yi haka ba alƙali ba ne, amma aikin alƙali ya yi. Kwamitin ladabtarwa na jami'a, da hukumar da ke korar ma'aikaci, da majalisar da ke ƙwace lasin likita ko lauya, duk suna wannan matsayi. Tun da sun ari rigar alƙali, dole su ari halinsa.

Sharuɗɗa biyu ne manya. Na ɗaya, a ji ta bakin wanda ake zargi. A gaya masa laifin dalla-dalla, a ba shi lokacin shiri, ya san abin da shaidu suka faɗa a kansa, ya kuma sami damar mayar da martani. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Na biyu, kada mutum ya yi alƙalanci a maganar da ta shafe shi. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ƙarfafa waɗannan, ya kuma ce dokar da ta ba hukuma ikon yanke maganar da ta taɓa haƙƙin mutum sai ta ba shi damar faɗin nasa kafin a yanke, kuma kada ta rufe masa ƙofar zuwa gaba.

Shari'ar da ta fi dacewa ɗalibi ya sani ita ce ta Garba da Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairu na 1983 ɗalibai suka yi tarzoma, aka lalata dukiya, aka taɓa mutane. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta sa mataimakin shugaban jami'a ya shugabance shi, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Bayan bincike aka kori waɗansu ɗalibai. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1986 ta soke korar. Ta ce wanda aka yi wa ɓarna ba zai zauna ya yi hukunci a kan waɗanda ake zargi da ita ba, ɗaliban kuma ba a saurare su yadda ya kamata ba. Ta ƙara da cewa zargin manyan laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata aikin kotu ne.

Kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya ɗauka an ba shi lasin tarzoma. Kotu ba ta wanke ɗaliban daga zargi ba, ba ta kuma ce jami'a ba ta da ikon horo ba. Hanyar da aka bi ce ta ƙi. Ko mai laifi yana da haƙƙin a bi da shi ta hanya madaidaiciya, domin hanyar da aka bi aka kori mai laifi yau, ita za a bi a kori marar laifi gobe.

Iri na shida: shiru

Saura dattijon fansho. Ba a ba shi takarda ba, to me zai kai ƙara a kai? Doka ta gane cewa ƙin yanke shawara shi ma shawara ce, wani lokaci ma ya fi ƙi ciwo, gama wanda aka ce wa a'a ya san inda ya tsaya.

A 1982 wata mata, Uwargida Stitch, ta shigo da mota ta nemi lasin shigo da kaya. Aka riƙe takardarta ba amsa har sabuwar doka ta fito wadda ta yi wa kuɗin fito ƙari mai tsanani, sa'an nan aka ba ta lasin aka ce ta biya sabon kuɗi. A 1986 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, domin ta ga da gangan aka yi jinkirin, kuma ba don haka aka ba minista iko ba. Haka kuma bayan kisan ɗan jarida Dele Giwa a watan Oktoba na 1986, lauya Gani Fawehinmi ya miƙa wa darektan gabatar da ƙararraki na Jihar Legas takardun tuhuma, ya nemi ya faɗa ko zai gurfanar da waɗanda ake zargi ko ba zai yi ba. Darektan bai ce i ko a'a ba. A 1987 Kotun Ƙoli ta yarda Fawehinmi yana da hurumin neman a tilasta wa darektan ya yanke. Ku lura da kyau: idan ikon na ganin dama ne, kotu ba ta gaya wa jami'i amsar da zai bayar, tana dai tilasta masa ya ba da amsa.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ƙara taimakawa. Wanda ya rubuta wa wata hukumar tarayya yana neman bayani, dole a amsa masa cikin kwana 7, in an ƙi kuma a rubuta masa dalili. In kwanakin suka wuce shiru, doka ta ɗauka an ƙi, yana da kwana 30 ya tafi kotu.

Idan takarda ta zo hannunka

Da farko ka karanta ta a natse, ka rubuta ranar da ka karɓe ta, ka ajiye kwafi. Sa'an nan ka yi wa kanka tambaya uku. Wace doka ce ta ba wanda ya sa hannu wannan iko? An bi hanyar da dokar ta shimfiɗa? In maganar ta taɓa haƙƙina, an ji ta bakina?

Bayan haka ka fara da ƙofa mafi kusa. Ka rubuta wa ofishin da ya yanke shawarar, ko na sama da shi, cikin ladabi, ka nemi dalili da sake dubawa. In ba a dace ba, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, Alhaji Yusuf Maitama Sule ne ya fara shugabantarta. Tana da ofis a jihohi, ba ta karɓar kuɗi, amma dokarta ta ce a kawo kuka cikin wata 12, kuma shawara take bayarwa, ba ta yanke hukunci irin na kotu. Ƙofa ta ƙarshe ita ce kotu: Babbar Kotun Tarayya in hukumar tarayya ce, Babbar Kotun Jiha in ta jiha ce ko ƙaramar hukuma, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa in maganar aiki ce. Kotu tana iya soke shawarar da aka yanke, ko ta hana a ci gaba da wadda ake shirin yankewa, ko ta tilasta a yi aikin da aka ƙi yi, ko ta bayyana haƙƙin kowa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Abu ɗaya ya fi cin mutane, wato lokaci. Dokar Kare Ma'aikatan Gwamnati ta tarayya ta ce ƙarar da za a kai ma'aikaci a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, a shigar da ita cikin wata 3. Kotuna sun yi togaciya a waɗansu al'amura, jihohi kuma suna da nasu dokoki, amma kada ka dogara da togaciya. Mutane da yawa suna da gaskiya, sai su ɓata wata shida suna zarya wurin manya suna neman a sa musu baki, ran da suka isa kotu a ce lokaci ya wuce, ba a ma buɗe maganar ba. Kana iya bin manya, amma ka riƙa ƙirga kwanaki, ka ga lauya tun wata na farko.

Ga masu zama a kujera gobe

Ku da za ku zama akawu, ko shugaban makaranta, ko sakataren ƙaramar hukuma, darasin nan naku ne ta ɗaya gefen. Kafin ku sa hannu a takarda, ku tambayi kanku wane iri ce a cikin shidan nan. In aikin dole ne, ku yi shi yau, kada ku sa mutum ya yi godiya a kan haƙƙinsa. In na ganin dama ne, ku rubuta dalilinku, gama dalilin da mutum ke jin kunyar rubutawa, da wuya ya zama na kirki. In zargi ne, ku kira mai shi ku saurare shi har ya gama, in kuma maganar ta shafe ku ko danginku, ku tashi ku ba wani kujerar. Kada kuma ku bar takardar wani ta kwana shekara a kan teburinku.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci biyu tsakanin kafa ƙa'ida da shawara mai kama da shari'a.
2. Me ya sa kotu ta soke umarnin korar Shugaba Darman, alhali doka ta ba minista ikon korar baƙi?
3. Wani jami'i ya hana wata mata rumfar kasuwa domin mijinta ya taɓa yi masa rashin kunya. Wane iri ce wannan shawara, wace igiya kuma ya tsinka?
4. A shari'ar Garba, waɗanne kurakurai ne jami'a ta yi? Da kai ne shugaban jami'a, yaya za ka kafa kwamitin?
5. An manna wa gonar kawunka alamar cewa gwamnati ta karɓe ta, ba a ba shi wata takarda ba. Rubuta matakai huɗu da za ka ba shi shawara ya ɗauka, da lokacin da ya kamata ya ɗauki kowanne.